Taɓin hankali da dokar inshora: wa zai biya kuɗin magani?

Wannan shi ne cikakken jawabin da aka karanta a gaban ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati na gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela, a wani zama da suka yi a garin Bazaga.



Maganar yau a kan wani ciwo ne wanda babu zuri'ar da bai taɓa ba, amma ba a cika ambatonsa a bainar jama'a ba. Idan mutum ya karye a hanyar Tawa, unguwa duka za ta je dubiya. Idan kuwa ɗansa ya daina barci, ya shiga magana shi kaɗai, sai a rufe ƙofa a ce ya yi tafiya. Wannan ɓoyon ya bi ciwon har cikin takardun gwamnati: duk lokacin da aka zauna lissafin cututtukan da asusun jama'a zai biya, taɓin hankali ne ake mantawa da shi. Abin da wannan jawabi yake son tabbatarwa ɗaya ne. Ranar da Nijar za ta kammala dokar inshorar lafiya ga kowa, wajibi ne a rubuta sunan wannan ciwo a cikinta ƙarara, a biya shi kamar yadda ake biyan hawan jini ko ciwon suga, domin tarihin ƙasashen da suka riga ta ya nuna cewa abin da doka ba ta ambata ba, asusu ba ya biyansa.

Hanyar da mai ciwo yake bi

A ɗauki misalin wani mai fataucin albasa, irin waɗanda ke loda buhuna a Galmi. Ɗansa saurayi ya rikice bayan damina. Da farko za a kai shi wurin malam a yi masa ruƙiyya, daga nan wataƙila a gwada na boka. Idan abin ya ƙi, sai a nufi gidan likita na CSI, majo ya tura su asibitin gunduma a Birnin Ƙonni, daga can kuma Tawa. Wanda ciwonsa ya yi tsanani sai Yamai, sashen da kowa ya sani da suna Pavillon E a Babban Asibitin Ƙasa, tafiyar da ta wuce kilomita 400. Wasu kuma su kan tsallaka iyaka ta Illelar Nijeriya su nufi Kware, inda gwamnatin tarayyar ƙasar take da asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa, kafin a shiga Sakkwato. Kware ya fi kusa, amma hanyarsa tana hannun siyasa. Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe su bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, alhali ciwo ba ya jiran a buɗe iyaka.

Kuɗin mota na mutum biyu ko uku, abincin mai jinya, rumfar da aka rufe mako biyu, duk wannan somin taɓi ne. Babban nauyin shi ne magani, saboda irin wannan ciwo yakan buƙaci a sha ƙwaya kullum na tsawon watanni, wani lokaci shekaru. Wata na farko za a sayar da buhunan albasa, na uku a sayar da sa, bayan shekara a jinginar da gona. Ranar da kuɗi suka ƙare, a daina magani, ciwo ya dawo da ƙarfinsa, sai iyali su koma ga abin da ba ya cin kuɗi, wato mari da turu. A Oktoba 2020 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta bayyana cewa ta sami shaidar ɗaure masu taɓin hankali a ƙasashe 60. Kafin nan, a Satumba 2019, ƴan sandan Kaduna sun fito da mutane sama da 300 daga wani gidan mari a unguwar Rigasa, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Uban da ya kai ɗansa irin wannan wuri sau da yawa ba mugu ba ne. Aljihunsa ne ya ƙare kafin ciwon ya ƙare.

Abin da Nijar take da shi

Domin a san inda za a dosa, sai an tuna inda aka fito. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince da shirin nan na Bamako, wanda ya ce mai ciwo ya riƙa ba da wani abu domin magani ya daina yankewa a gidajen likita. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, farashin maganin da ake shigowa da shi ya tashi. A 1995 Nijar ta mai da biyan kuɗin likita doka. Daga 2005 zuwa 2007 gwamnati ta ware wasu abubuwa ta ce kyauta ne: fiɗar haihuwa, jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5, awon ciki, tsarin iyali da sankarar mata. Taɓin hankali bai shiga wannan jeri ba. A 2008 aka yi dokar da ta tsara ƙungiyoyin taimakon juna na lafiya, waɗanda ake ce wa mutuwel. A Agusta 2024 hukumomi suka yanke rabin kuɗin da ake biya a asibitocin gwamnati, matakin da ya fara aiki ranar 1 ga Satumba na shekarar.

Waɗannan matakai sun rage wa talaka nauyi, babu mai musun haka. Amma a duba inda kowa ya tsaya. Ma'aikacin gwamnati yana da takardar ɗaukar nauyi wadda ke biya masa mafi yawan kuɗin kwanciya da gwaje-gwaje, maganin da zai saya a farmasi duk wata kuwa yawanci daga albashinsa ne. Ma'aikacin kamfani, kamar na masana'antar siminti ta Malbaza, yana zubi a asusun CNSS, wanda aikinsa kuɗin iyali ne da haɗarin wurin aiki da fansho. Ɗan kasuwa da manomi ba su da ko ɗaya. Ga kuma darasin da shirin jinya kyauta ya bari: gwamnati ta yi ta jinkirin mayar wa gidajen likita kuɗinsu, bashi ya taru shekara da shekaru, har kantocin magani na wasu CSI suka zama fanko. Alkawarin da ba a ware masa kuɗi ba, majo ne yake shan kunyarsa a gaban mai ciwo.

Shekara goma sha huɗu a Amurka

Inshora ba wani abu ba ce illa adashe mai sharaɗi: kowa ya yi zubi, wanda ciwo ya kama shi ne yake ɗauka. Rigimar kullum tana kan sharaɗin. A Amurka, inda yawancin ma'aikata ke samun inshora ta hanyar kamfanin da suke wa aiki, an saba ganin takardar da za ta biya wa mai ciwon zuciya har dala miliyan 1 a tsawon rayuwarsa, amma ta tsayar wa mai taɓin hankali dala 50,000, ta ƙayyade masa kwana 30 a asibiti da ganin likita sau 20 a shekara. Zubi ɗaya, ɗauka biyu.

Sanatoci biyu ne suka ɗauki maganar, Pit Domenici na jam'iyyar Rifablikan da Pol Welston na Dimokurat. A siyasa ba sa ga maciji, amma kowannensu yana da mai irin wannan ciwo a cikin gidansa. A Satumba 1996 shugaba Bil Kilinton ya sa hannu a dokarsu, wadda ta hana bambanta iyakar kuɗi ta shekara da ta tsawon rayuwa. Sai dai bango ya tsage, ƙadangare ya sami wurin shiga. Dokar ba ta shafi kamfanin da ma'aikatansa ba su wuce 50 ba, ba ta haɗa da jinyar shaye-shaye ba, kuma ba ta hana ƙayyade kwanaki ba. Kamfanonin inshora da yawa suka cire iyakar kuɗi suka ƙara matse iyakar kwanaki, aka koma gidan jiya.

Welston ya rasu a haɗarin jirgin sama a Oktoba 2002. Sai ranar 3 ga Oktoba 2008 shugaba Joj Bush ya sa hannu a doka ta biyu mai ɗauke da sunan sanatocin biyu, wadda ta toshe hanyar ƙayyade kwanaki da ta ɗora wa mai taɓin hankali kaso mafi tsada, ta kuma shigar da jinyar masu shaye-shaye. Abin lura, wannan doka ta wuce ne a goye da dokar ceto bankuna ta dala biliyan 700. Duk da haka ta bar wata ƙofa: ta ce idan kamfani ya yarda zai biya ciwon ƙwaƙwalwa to ya biya daidai, amma ba ta tilasta masa biya ba. Dokar lafiya ta shugaba Barak Obama ta 2010 ce ta sa wannan ciwo cikin abubuwa 10 da dole inshorar ɗaiɗaikun mutane da ta ƙananan kamfanoni su ƙunsa, tun daga 2014. Daga 1996 zuwa 2010 shekara 14 ke nan ana facin riga ɗaya, saboda tela na farko ya bar ɓula.

Indiya, Gana da maƙwabta

Indiya ta ga abin da ya faru ta gajarce hanya. Dokarta ta 2017 ta faɗa a sashe na 21 cewa kowane kamfanin inshora ya tanadi biyan jinyar taɓin hankali a kan ma'auni ɗaya da ciwon jiki. Dokar ta fara aiki a Mayu 2018, amma kamfanoni suka yi kunnen uwar shegu. Sai da wata mata ta kai ƙara, Babbar Kotun Delhi ta umarci kamfanin da ya ƙi biyanta ya biya a Afrilu 2021, sannan hukumar da ke sa ido a kan inshora ta ba kamfanoni wa'adin ƙarshen Oktoba 2022. Ashe jimla mai kyau a takarda tana buƙatar alƙali da mai sa ido.

Gana ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa a 2003, ta yi dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2012. Amma sai 1 ga Nuwamba 2024 asusun inshorar ya fara biyan cututtuka huɗu na ƙwaƙwalwa: ciwon baƙin ciki mai tsanani, ciwon fargaba, ciwon da ke kai mutum sama ya dawo da shi ƙasa, da ciwon rikicewar tunani mai sa jin muryoyi. Shekara 21 mai ɗauke da katin inshora yana jira, saboda ba a sa ciwonsa a jerin farko ba.

A Nijeriya dokar da ta yi mulkin wannan fage ta samo asali ne daga zamanin Turawa, ta 1916 wadda aka sabunta a 1958, kuma ruhinta tsare mahaukaci ne domin kare jama'a daga gare shi. A Mayu 2022 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga ƴan ƙasa, a Janairu 2023 kuma ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya da asusu domin wannan aiki. Faransa ma, wadda Nijar ta gaji tsarin aikin gwamnati daga gare ta, ta sa cututtukan ƙwaƙwalwa masu daɗewa cikin jerin cututtukan da asusun ƙasa yake ɗaukar nauyin jinyarsu ɗari bisa ɗari.

Amsa ga masu shakka

Mai shakka na farko zai ce asusun zai karye. An gwada wannan a Amurka, kuma a kan ma'aikatan gwamnati aka gwada. Tun daga Janairu 2001 inshorar ma'aikatan tarayya, mai ɗauke da mutane sama da miliyan 8, ta daidaita biyan ciwon ƙwaƙwalwa da na jiki. Binciken da aka buga a 2006 ya gano cewa daidaitawar ba ta tayar da jimillar kuɗin da ake kashewa ba, abin da ya ragu shi ne wanda mai ciwo ke fitarwa daga aljihunsa. Nijar ba Amurka ba ce, amma akwai dalilin da ya fi kusa. Magungunan da ake buƙata tsofaffi ne masu araha. Wanda ake kira Largactil, likitoci biyu na asibitin Sant-An a Faris ne suka nuna amfaninsa tun 1952. Shi da ƴan'uwansa irin su haloperidol da amitriptyline suna cikin jerin magungunan dole na Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da ke karya iyali shi ne tafiya mai nisa da saye ɗai-ɗai a farmasi, alhali asusun da ke saye a sari zai same su da rangwame. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin bambancin sari da sayen ɗai-ɗai.

Na biyu zai ce wannan ciwo na iskoki ne, ba na asibiti ba. Babu mai hana addu'a, kuma dokar inshora ba ta raba mutum da malaminsa. Amma Musulmin farko ba su ga saɓani tsakanin addu'a da jinya ba. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali, kuma dukiyar waƙafi ce take biyan jinyarsu. Shari'a ta ɗauke wa wanda hankalinsa ya gushe nauyin hukunci, ta ɗora wa waliyyinsa da al'umma nauyin kula da shi. Asusun taimakon juna hanya ce ta sauke wannan nauyi a zamanin da magani ya koma na kuɗi.

Na uku zai ce masu ciwon kaɗan ne. Wanda ake gani a tasha da tsumma shi ne kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum 1 cikin 8 a duniya yana ɗauke da wata larurar ƙwaƙwalwa, amma abin da gwamnatoci ke ware mata a matsakaici bai wuce kashi 2 cikin 100 na kasafin lafiya ba. A cikin wannan lissafi akwai mai jegon da ta daina cin abinci ta ƙi jaririnta, da ɗan ci-ranin da ya dawo daga Libiya ba ya iya barci, da ɗan kabu-kabun da tramol ya cinye, da malamin lakwal da ya daina shiga aji aka ce lalaci ne.

Abin da ya kamata dokar ta ƙunsa

Nijar ta ɗauki alkawarin samar da inshorar lafiya ga kowa, kamar sauran ƙasashen da suka amince da muradun Majalisar Ɗinkin Duniya na 2030. Duk wanda alhakin rubuta wannan doka ya hau kansa, ga abubuwa biyar da tarihin da aka zayyana ya koyar.

Na ɗaya, a ambaci cututtukan da sunansu a cikin dokar kanta, har da farfaɗiya da jinyar masu shan ƙwaya, kada a bar su ga wata takardar zartarwa da za a yi daga baya. Na biyu, a hana kowane irin bambanci, na kuɗi ko na kwanaki ko na yawan ganin likita, domin kada a maimaita kuskuren 1996. Na uku, a biya magani na wata-wata ga wanda yake gida, saboda dokar da ke biyan gado kawai tana jiran mutum ya rikice ne kafin ta taimake shi. Na huɗu, a kawo jinyar kusa. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya take da shirin koya wa ma'aikatan ƙananan gidajen likita gane waɗannan cututtuka da ba da maganin farko. Idan majon Bazaga ya sami wannan horo kuma kantinsa yana da magani, yawancin tafiye-tafiyen Yamai da Kware sun ƙare. Na biyar, a faɗi inda kuɗin za su fito, a sa wa'adin mayar wa gidajen likita kuɗinsu, a kuma nuna ofishin da mutum zai kai kuka idan aka ƙi biyansa. A ƙara da sirri: takardar da ma'aikaci zai kai wa shugabansa kada ta ɗauki sunan ciwon, in ba haka ba tsoron tonon asiri zai hana shi neman haƙƙinsa.

Abin da ba ya jiran Yamai

Kafin doka ta zo, akwai abin da ke hannun mutanen wannan zaure. Ƙungiyoyin ƙwadago sun saba zama da gwamnati a kan albashi da alawus. Babu abin da zai hana su sa maganin ciwo mai daɗewa, har da na ƙwaƙwalwa, a cikin takardar buƙatunsu. Duk ma'aikacin da ke cikin wata mutuwel ya nemi ƙa'idojinta ya karanta shafin abubuwan da ba a biya, domin a nan ne ake ɓoye maganar. Ƴan kasuwa kuma dokar 2008 ta ba su damar kafa tasu. Lissafin ba shi da wuya: idan mutum 500 na kasuwannin wannan yanki suka yi zubin jika ɗaya a wata, a shekara sefa miliyan 6 ke nan. Ranar da za a rubuta ƙa'idojin irin wannan asusu, wani zai miƙe ya ce a cire masu taɓin hankali domin kada kuɗi su ƙare. A ranar ne ake buƙatar wanda zai tuna masa da sanatocin nan biyu, waɗanda ba su san ciwon zai shiga gidajensu ba sai da ya shiga. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ranar 10 ga Oktoba ta kowace shekara, tun 1992, ita ce ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya. Zai yi kyau kafin ta zagayo a ce hakimai da limamai da hukumomin komin sun san gidajen da ke da mutum a ɗaure, an kai wa kowannensu ma'aikacin lafiya, ba tare da tozarta iyalinsa ba. Wannan ba ya buƙatar sa hannun kowa a Yamai.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba masu jinya haƙuri da abin jinya, ya sa masu rubuta doka su tuna da wanda ba ya iya zuwa ya yi wa kansa magana.